Inda Igiya Take Fitowa

A lakwal ɗin Bagalam, muna aji huɗu,
Mushe Tsahiru ya rubuta a allo: sama.
Ya ce, "Gobe kowa ya zo da ma'anarta,
layi biyu, kada a yi mini aiki sama-sama."
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Na kai wa inna, tana tuyar ƙuli,
hayaƙi na cin idonta.
Ta ce, "Mu nan bisa muka gada,
ruwan bisa, Sarkin bisa.
Sama ta ƴan rediyo ce.
Miƙo mini matsami, kar ya ƙone."

Na kai wa Rabe mai tebur.
Ya lashi yatsa, ya buɗe kaye:
"Ga ta nan, ƴar Labo.
Bashin gidanku ya yi sama da jaka uku."

Malamin zaure ya ce ba ɗaya ba ce,
bakwai ne, sammai, wata kan wata,
ba ginshiƙi, ba azara,
kuma ko tsaga babu.
Na ɗaga kai in ƙirga,
rana ta mare ni, na sunkuya.

Saura baba.
Yana haƙa a wata gona, hanyar Jiratawa,
yaya Nomau na riƙe da igiya.
Na leƙa na kwarara tambayata.
Muryarsa ta hauro, ta yi sanyi kamar ruwan randa:
"Sauko ki gani."

Aka ɗaura ni a ƙugu, aka zura.
Jar ƙasa ta wuce, farar ƙasa ta wuce,
gaba tara, gaba goma,
kukan jaki ya yi nisa, ya mutu.
Ƙafata ta taɓa laka.
Baba ya kama haɓata ya ɗaga.

Duk abin nan da ya rufe Maraɗi,
ya rufe gulbi da Tibiri da kasuwar gyaɗa,
ya dawo bai fi faifai ba.
Faifai shuɗi, an ɗora wa duhu.
Shirwa ta gifta, ta cinye rabinsa.

Ya ce, "Na tudu ba su san ta ba,
ta yi masu yawa.
Ni da ita nake awo.
In haske ya sauko ya taɓa wancan dutsen, azahar.
In bakin faifai ya yi baƙi, hadari, sai in yi kira.
In numfashi ya ƙi, can nake duba.
Rubuta: sama ita ce inda igiya take fitowa."

Na rubuta. Layi ɗaya ya ishe ni.
Mushe ya ja jan biro a ƙasansa,
uku bisa goma.
Wanda ya rubuta "kishiyar ƙasa" ya ci tara.

Yau furfura ta kama ni.
Na ji kalmar a bakin kowa.
An yi sama da faɗi da kuɗin takinmu.
An nemi Nomau sama ko ƙasa
shekarar da ya bi motar Agadas.
Jikata na nuna jirgin sama, tana yi masa waƙa.
In ka ja bakinta kaɗan sai ta koma roƙo:
Allah sama mana na yau.

Shekarar da ruwa ya yi wata bai sauko ba,
gero ya naɗe ganye kamar an zage shi,
gari ya fita fili, manya da yara.
Na tsaya baya cikin mata ina kallo:
tafukan hannu dubu a buɗe,
kowa ya ɗaga haɓa
yadda baba ya ɗaga tawa.
Ashe duk a ramin muke,
faifan ne ya ƙara faɗi.

Kayen na nan ƙasan adaka,
gara ta ci gefensa, ta bar jan ukun.
Rijiyar ma na nan, an yi mata baki da siminti.
In na bi ta wajen nakan leƙa.
Can ƙasa, cikin ruwa,
ga faifan yana rawa,
da kan wata tsohuwa a tsakiyarsa.